Ƙullin da Ladi Ta Yi Mini

Sunana Jummai, amma idan ka shigo unguwarmu a Lafiya ka tambayi Jummai, sai an nuna maka guda bakwai kafin a tuna da ni. Ka ce Rediyo. Ko akuya ka tambaya za ta raka ka ƙofar gidanmu. A layin famfo na samu sunan, ranar da na rantse na ga wata doya a kasuwar Doma wadda sai da aka ɗauko zarto, ƙarti huɗu suka yini suna yankawa. Ba wanda ya yarda, amma kowa ya matso. Haka nake da mutanen unguwarmu: ba sa yarda da ni, kuma ba sa iya tashi su bar ni.

Dole in yi bayanin layin famfon nan. Tun da aka ba mu jiha gari ya cika da mutane, ruwa kuwa bai ƙaru ba. Ba mai iya tsayuwa tun safe har azahar, sai dai jarkarta ta tsaya mata. Jarkokin duk ruwan ɗorawa ne, kamar uwa ɗaya ta haife su, don haka kowace yarinya takan ɗaura tsumma a hannun tata. In layi ya motsa mai jarka ba ta nan, ta bayanta sai ta tura mata ita gaba da ƙafa. Ba a tsallake jarka. A zagi kakanki a layin nan kina iya haƙura, amma a tsallake miki jarka, sai mai unguwa ya fito.

Ƙawata Ladi jarka biyu gare ta, kowace da ƙyallen tsohon zanen cocin mamanta, shuɗi mai fararen ganye. Ƙullin da take yi ma daban ne, irin wanda ake ɗaure akuya da shi a gonarsu ta wajen Doma: kina ja yana ƙara kamawa. Ta girme ni da shekara ɗaya. Ina da sha biyar. Duk labarin da na ba da, Ladi takan jira in kai ƙarshe, sannan ta ce, “Ƙarya.” Kalma ɗaya, ba fushi ba dariya. In ba ta faɗa ba, ji nake kamar miya ba gishiri.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba. Wata mata ce da ake kira Anti Gabon, mai zobe a kowane yatsa, ta ce akwai aikin shago a can, iyayenmu suka yarda. Ta ce kowa ta zo da jarkarta. Ta cika mana su da man gyaɗa, wai ’yan Najeriya da ke Gabon har kuka suke yi don man gida. Ladi ta ɗauki ɗaya, ta bar wa mamanta ɗaya.

Oron

Kwana biyu muka yi a mota. A gadar Makurɗi na leƙa Binuwai na ce wa Ladi ai ga tekun nan, mun kusa.

“Rediyo, ka rufe baki, ƙuda zai shiga,” in ji ta. Hausar Ladi ta garinmu ce, kowa “ka” ne a wurinta.

A Oron, bakin tekun gaske, Anti ta zuba mu a wani ɗaki bayan rumfar busar da kifi, tare da waɗansu ’yan mata da ba ma jin yarensu. Ta ce jirgi gobe. Goben nan sai da ta yi kwana tara. Abinci garin kwaki ne da ruwa, sau ɗaya a rana, ko sukari babu. Sauron Oron kuwa ba ya cizonki a nan take, ɗaukarki yake ya kai wa iyalinsa. Da rana ana kulle mu ta waje. Wata yarinya ta yi ta kuka da yarensu har muryarta ta tafi, ta koma buɗe baki kawai.

Bayan tagarmu akwai wata tsohuwa mai suyar kifi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma yunwa ba ta neman tafinta. Na zuba mai a murfin jarka na nuna mata. Ta shinshina, ta ɗaga kifi biyu. Kofi ɗaya, kifi biyu. Muka zama ’yan kasuwa.

“Wannan sata ne,” in ji Ladi.

“Ba sata ba ne, ragin kaya ne.”

“Allah yana ganinka.”

“Yana ganin Anti ma, ita da zobbanta.”

Ta juya ta fuskanci bango. Kwana biyu tana kallon bangon nan ina cin kifi a bayanta, ina taunawa da ƙarfi don ta ji. Rana ta uku ta miƙo hannu ba ta juyo ba. Ta yi addu’a kafin ta ci, ta sake yi bayan ta gama, hawaye na zuba. Amma jarkarta ko murfin ba ta taɓa ba.

Kafin kwana tara su cika, sauran ’yan matan ma sun ci arzikin jarkata, mai ya koma can ƙasa, in an girgiza sai a ji ɗan ƙiris yana kuka. Na yanke shawarar in cika ta da ruwa don kada asirina ya tonu. Ina buɗe murfi Ladi ta riƙe mini hannu.

“Ka saci mai, ya isa. In ka zuba ruwa ka ɓata sauran, wani zai saya ya soya wa yaransa. Zunubi biyu ke nan. Bar shi haka.”

“In Anti ta ɗaga ta ji sakayau fa?”

“Ka taɓa ganin Anti ya ɗaga abin da ya fi jakarsa?”

Sai na sa leda a bakin jarkar, na murɗa murfin har hannuna ya yi ja, don kada ƙanshi ya fita.

Ranar tafiya da sassafe aka kora mu bakin ruwa. Sai an shiga ruwa har ƙugu kafin a kai jirgi. Na ɗora jarkata a ka, na lanƙwashe, na yi ta nishi kamar mai naƙudar ’yan uku. Na iya har wani mutum ya tausaya ya ce in kawo ya taimake ni, na ce a’a Baba, amana ce. Ladi tana bayana da tata cikakkiya, ko nishi babu, sai jijiyoyin wuyanta da suka tashi.

Da muka hau muka waiwaya, Anti tana tsaye a kan yashi, takalmanta a bushe. Ta ɗaga murya ta ce ita jirgin sama za ta bi, ƙaninta zai tare mu a can. Ladi ta damƙi cinyata. Ganinmu da Anti Gabon na ƙarshe ke nan.

Cikin ruwa

Abin da suke kira jirgi kwale-kwale ne babba na katako, da inji biyu a baya. An loda masa duromin fetur, buhunan garin kwaki, kwanon rufi, sannan mutane a kan kayan kamar kaji ranar kasuwa. Tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi tafin hannu ɗaya ba. Tun ba mu bar ganin ƙasa ba maza biyu suke kwashe ruwa da bokiti. Duk wanda ya motsa, mai jirgi ya daka masa tsawa da Turancin buroka, wai ya zauna in ba mutuwa yake so ba.

Na yi amai har na amayo tuwon sallar bara. Wata mata da goyo, da ke kusa da mu, ta ɓare namijin goro ta ba mu rabi-rabi, ta nuna mu tauna. Ya ɗan taimaka. Jaririnta ya yi ta wasa da ƙyallen jarkar Ladi. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba.

Rana ta biyu da hantsi inji ɗaya ya mutu. Ana cikin dukansa da sifana ɗayan ma ya bi shi. Sai iska ta taso, jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa. Ta farko ta jiƙa mu. Ta biyu ta shigo ta zauna. Mutane suka ruga gefe ɗaya gaba ɗaya, na ji katako ya yi ƙara a ƙarƙashina irin ta reshen mangwaro in ya karye.

A nan ba zan ƙara gishiri ba. Ban ga komai ba. Na ji sanyi, na ji ƙafar wani a fuskata, na sha ruwa mai ɗaci da fetur. Ban iya iyo ba, ruwan da na sani duk a jarka yake zuwa. Hannuna na cikin hannun jarkata tun a jirgi, don tsoron kada wani ya ɗaga ta. Ita ce ta fizgo ni sama wuf, kamar ƙwallo.

Da na fito babu jirgi. Kawuna ne, da buhuna, da ihu ta ko’ina. Matar nan mai goyo ban sake ganinta ba. Can na hango Ladi rungume da jarkarta, wadda murfinta kaɗai ke leƙowa. Da ta ɗora nauyinta sai su nutse tare. Cikakkiyar jarka kanta kawai take iya ɗauka.

Ladi ta koyi iyo a rafin gonarsu. Ta jawo jarkar har inda nake.

“Rediyo, ka riƙe!”

“Santsi take yi! Ladi, zamewa nake!”

Mai da fetur sun shafe robar, yatsuna suna sulɓewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta sa haƙori ta kwance ƙyallen da ke hannun jarkarta, ta saki jarkar ta tafi. Ta ɗaure wuyan hannuna a jikin tawa, ƙullin akuya, ta ja har na yi ƙara. Ita kuma ta kama bakin ƙyallen da ya rage.

Muka gwada hawa mu biyu, jarka ta nutse har ruwa ya kai mana hanci. Ladi ta sauka. Ta riƙe bakin ƙyallen da hannu ɗaya, tana ta harba ƙafa.

Ihun ya yi ta raguwa. Ruwa ya raba mu da sauran. Rana ta take, fetur da gishiri suka kumbura mini ido har na daina iya buɗewa.

“Rediyo,” in ji ta. “Kunna.”

“Me?”

“Ka kunna. In ka yi shiru zan yi barci.”

Sai na kunna. Na ba ta labarin doyar Doma, na ƙara ƙarti biyu a kan huɗun. Na jira.

“Ƙarya,” in ji ta.

Na ba ta labarin sauron da ya ɗauki tsohuwa mai kifi da kaskonta. Ƙarya. Na ce a Gabon famfo a cikin ɗaki yake, ba layi, har kare yana da nasa. Ƙarya. Ba na ganinta, da kalmar nan kaɗai nake sanin tana nan. Muryar tana ƙanƙancewa, ni kuma ina ƙara tsawon labari don in ba ta hutu. Leɓena ya tsage, harshena ya yi nauyi, ban tsaya ba. Wajen la’asar, da na ji zafin rana ya koma bayan wuyana, na ɗauko wani dogon labari na yadda za mu koma Lafiya da mota mai tsawon layin famfo, mamanta a gaba tana ɗaga wa mutane hannu. Na ƙawata shi sosai. Na kai ƙarshe na jira.

Na ce, “Ladi, kin ji?”

Na laluba da ɗayan hannun. Bakin ƙyallen yana lilo a ruwa.

Ban san lokacin da ta saki ba. Ban ji ta kira ni ba. Wataƙila ta kira, ina magana.

Wurin Sista

Washegari masunta suka tsamo ni a gaɓar Kamaru. An ce da suka ɗago ni da jarkar suka ɗago, don sun kasa kwance ƙullin. Na farka a wani ƙaramin asibitin mishan, ana yi mini ƙarin ruwa. Mu kaɗan ne muka tsira, ba ko ɗaya daga wajenmu. Duk wanda ya zo kaina Faransanci yake yi. Na yi kwanaki ban ce komai ba. Ni, Rediyo.

Wata safiya na ji an ce, “Sannu, yarinya. Ina gajiya?”

Na buɗe ido na ga Baturiya tsohuwa tukuf, da farin ɗankwali, fatarta kamar takardar da aka tsamo daga wanki. Na ɗauka na mutu, kuma a lahira Hausa ake yi. Ashe Sista ce, ’yar ƙasar Ailan. Ta ji ina sambatu da Hausa ne. Ta ce ta yi aikin jinya a wani ƙauye tsakanin Akwanga da Lafiya tun ba a haifi innata ba.

“Har yanzu ana kawo gishirin Awe kasuwa?” ta tambaye ni.

Gishirin Awe! Abin da ko kallo ba na yi a gida. Na fashe da kuka har gado yana rawa. Ta zauna ta bar ni na gama.

Ita ce ta raba ni da jarkar ranar da aka kawo ni. Ba ta yanke ƙullin ba, gefensa ta sa almakashi. Ta wanke ƙyallen, ta ajiye. Da ta miƙo mini shi na ga ƙullin yana nan yadda Ladi ta yi shi. Hannuna kuwa har yau da zoben tabo.

“Wa ya ɗaure ki?”

A kwanakin da na yi shiru ba zaman banza na yi ba, labari nake haɗawa wanda zan kai wa Maman Ladi. Sai na gwada shi a kan Sista. Na ce ƙawata ce, wani jirgi ya tsince ta ya wuce da ita Gabon, yanzu haka tana shago mai firji biyu.

Sista ta dube ni ta saman tabarau. “Kin iya,” in ji ta. “Kakata ma ta iya.”

Ta gyara zama. “Kakata ta bar Ailan tana kamar shekarunki, ita da yayarta. Gona ba ta ciyar da kowa, za su Amurka aikatau. Jirginsu ya daki dutse ana hango gidajen garin da za su sauka. Kakata ta rungumi ganga ta fita. Yayarta ba ta fita ba. Da ta sami takarda sai ta rubuta wa uwarsu: mun sauka lafiya. Ta ce wata mai zuwa za ta faɗi gaskiya. Shekara goma sha biyu tana wanki da goge daɓe a gidajen mutane, kowace wasiƙa da gaisuwar yayarta a ciki. Ta yi mata aure a takarda. Ta haifa mata yara biyu a takarda. Uwar ta zauna ta saƙa wa yaran safa ta aika.”

“Sista, ai kakarki ta fi ni zama rediyo.”

Ba ta yi dariya ba. “Da ta koma gida uwar ta rasu. Ta yi aure, ta haifi babana, ta tsufa ƙwarai. Ba ta cin kifi, ba ta zama ta fuskanci teku. Ranar da ta ba ni labarin ta buɗe akwati ta nuna mini safar. Ƙanana, ba ƙafar da ta taɓa shiga. Ta ce mini ruwa kwana ɗaya ya riƙe ta, amma wasiƙun nan har ranar ba su sake ta ba.”

Ta tashi da ƙyar, tana dafa gado. “Ni ban ce ki yi komai ba. Sha kununki.”

Hanya

Bayan wata guda Sista ta damƙa ni a hannun wani direban babbar mota, Bahaushe, mai ɗaukar goro. Ya ga ƙafata ba takalmi, ya tsaya a kasuwa ya sayo mini silifa, ɗaya ya fi ɗaya girma. A kan iyaka ya ce wa masu kaki, “’Yata ce, ba ta da lafiya.” Kwana huɗu bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. A gadar Makurɗi na sa kaina tsakanin gwiwoyina har muka wuce. Ƙyallen yana ƙulle a bakin zanena. Duk hanya ina maimaita gaskiya a zuci, kalma bayan kalma, kamar hadda.

Lafiya

Lokacin wayar hannu ba ta shigo garinmu ba, ba wanda ya ji komai. Inna ta rungume ni tana salati, tana cewa me ya cinye ni haka. Kafin in sha ruwa Maman Ladi ta faɗo gidan da gudu, hannunta duk ƙullun rogo.

“Rediyo! Ka dawo? Ina Ladi? Yana bayanka?”

Na dubi fuskarta. Haddar kwana huɗu ta gudu. Bakina ya buɗe da kansa.

Na ce ni ciwo na yi aka maido ni. Na ce Ladi tana Gabon, shago mai firji biyu, ta yi ƙiba har zanenta ba ya zagayawa. Na jira wani ya ce ƙarya. Tsakar gida cike da mata, ba wadda ta ce. Maman Ladi ta ɗaga hannu sama ta taka rawa. Tunda nake a duniya ranar aka fara yarda da maganata.

Washegari Inna ta aike ni famfo. A tsakiyar layi na ga jarka mai shuɗin ƙyalle da fararen ganye. Na tambayi wanda ya kawo ta. Aka ce ai tun ranar da muka tafi Maman Ladi take kawo ta kowace safiya, ba ta ɗiban ruwa da ita, in ta kai bakin famfo sai ta ɗauke ta koma da ita gida. Wai kada layi ya manta da Ladi. Ina tsaye layi ya motsa, wata yarinya ta sa ƙafa ta tura ta gaba.

Rana ta uku na je gidansu. Na tarar da ita a gindin mangwaro tana ɓarar agushi. Da ganina ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi.

“Yauwa, ɗana. Ƙuli-ƙuli ne da gishirin Awe, da sabon zane tunda ka ce ya yi ƙiba. Ka san mai zuwa Gabon?”

Na dubi ƙunshin nan, safar kakar Sista kawai nake gani.

Na durƙusa. Na ce, “Mama, ki zauna.” Na faɗa mata tun daga Oron. Kifin, da man da na sata, da ruwan da Ladi ta hana ni zubawa. Injin, da katakon. Ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Ban taɓa jin labari mara daɗi a bakina irin wannan ba, gajere, a bushe. Na ce ina magana ta tafi, ban san lokacin ba.

Ta saurara har ƙarshe, tana murmushi tana girgiza kai.

“Ƙarya,” in ji ta.

Muryarsu ɗaya. Kalmar da nake jira tun la’asar ɗin nan a cikin ruwa, ga ta ta zo.

“Kai Rediyo, ba ka jin tsoron Allah? Wannan wane irin wasa ne?”

Na kwance bakin zanena na ajiye ƙyallen a kan tiren agushi. Na miƙa mata hannuna ta ga tabon.

Ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Sannan ta ɗauka, ta juya shi, ta kama gefe biyu ta ja. Ƙullin ya ƙara kamawa.

“Shi ne ya ɗaure ka?”

“Ita ce, Mama.”

“Ni na koya masa.” Ta sake ja. “Ya ɗaure da kyau.”

Sai ta ɗaga hannu ta wanke ni da mari har na faɗi kan agushin. “Kwana uku! Kwana uku ka bar ni ina rawa a gaban mutane!” Ihun da ta yi bayan wannan, ba ni da abin kwatanta shi, kuma ba zan nema ba.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Mutanen cocinsu suka zo, mutanen unguwarmu suka zo, Inna ta dafa abinci ta kai. Ni ban shiga ba, a bakin zaure nake tsayawa. In mun haɗu da Maman Ladi a hanya sai ta kau da kai. Jarka mai shuɗin ƙyalle ta daina zuwa famfo. A layi in an ce, “Rediyo, ba mu labarin Gabon,” sai in ce batir ya mutu.

Sati shida ana haka. Wata safiya na zo duba jarkata, sai na ga ta Ladi a gaban tawa, Maman Ladi tana tsaye a kanta. Ba ta bar ta ta tafi ba, da kanta take matsar da ita. Kowa a layin ya zuba mata ido. Da ta kai bakin famfo na zaci za ta ɗauke kamar da. Sai ta buɗe murfi ta tara. Muna ji ruwa yana hawa, ƙarar tana canzawa, har ya tumbatsa ya zubo mata a ƙafa.

Ta rufe. Ba ta dube ni ba ta ce, “A wancan ɗakin, ya ci kifin?”

“Ta ci, Mama. Biyu-biyu. Ta yi addu’a kafin ta ci.”

Ta gyaɗa kai. “Zo ka ɗauka. Bayana ba ya iyawa yanzu. Gobe ma ka zo.”

Na naɗa gammo. Ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka ɗora a kaina. Cike take fal, nauyin ya sauka har tafin ƙafata. Ta wuce gaba, na bi ta a baya har gida, ban yi nishi ko sau ɗaya ba.